Riƙe Tsohuwar Fijo 504 Don Sha'awa: Me Ke Kashe Ta, Me Ke Riƙe Ta A Kan Titi

A garuruwanmu in aka hango mutum cikin tsohuwar Fijo 504 yau, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne bawan Allah nan bai samu halin canzawa ba ne, ko kuma direban tasha ne mai lodin ƙauye ranar kasuwa. Amma akwai wasu mutane, ba su da yawa, waɗanda suna da motar zamani a gida amma suka tashi takanas suka nemo tsohuwa, suna kashe mata kuɗi suna wanke ta da hannunsu, sai ranar Juma'a da yamma ko ranar ɗaurin aure su fito da ita, kuma ko nawa ka taya ba za su sallama ba. Ni ina ganin wannan sha'awa ce mai kyau kuma ya kamata ta yaɗu kafin 'yan gwangwan su gama yanka abin da ya rage, sai dai duk wanda zai shiga ya shiga da idonsa a buɗe, don harkar tana da wuraren da take cin mutum.

Da farko ba kowace tsohuwar mota ce ake nufi ba. FIVA, ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, ta ce sai mota ta kai shekara 30, an riƙe ta a kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Jamus irin wannan mota har lamba ake ba ta mai harafin H a ƙarshe, a Ingila kuwa in ta kai shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya. Mu a nan takardun da mai sabuwar mota ke sabuntawa su ne kai ma zaka sabunta, kuma jami'in hanya zai tsayar da kai kamar kowa, don haka duk abin da zaka yi don kanka zaka yi.

Dalilin da ya sa na ɗauki 504 na ɗora bayanin a kanta shi ne babu wata mota da ta shiga jinin Arewa kamarta. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, shekara ɗaya bayan nan ta ci kambun motar shekara ta Turai, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, a hanyoyin ƙasa masu laka da ramuka irin namu, a shekarar ne kuma kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna. Akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Lyon a sauke a Kano sannan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. Da gwamnatin soja ta wancan zamani ta ce manyan ma'aikata su rage facaka, Fijo ce ta zama motar gwamnati, daga nan ta zama motar babban sakatare da alƙali da hakimi da ɗan kasuwa, wagon ɗinta ta zama motar tasha, akori-kura ta zama motar buhuna da dabbobi. A Nijar ma akwai nata labarin, don a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan tuƙo tsofaffin 404 da 504 su ratso Sahara ta Tamanrasset su faɗo Arlit da Agadas su sayar su koma gida ta jirgi. An daina yin salun ɗinta a Faransa tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba har wajen 2006, kenan akwai 504 da ba su ma kai shekara 30 ɗin ba tukuna. An ƙera sama da miliyan uku a duniya.

To in haka ne ina suka tafi? Ni a nawa ganin ba tsufa ne ya kashe yawancinsu ba, maneji ne. Abu ya lalace a ce a lallaɓa, a ɗaure da waya, a toshe da tsumma, a cire a yar tunda motar tana tafiya ba shi. Direban haya yana da uzuri, yau yake nema kuma motar ita ce gonarsa, in ta kwana a gareji gidansa ba a ɗora tukunya ba. Amma kai da ka saye ta don sha'awa baka da wannan uzurin, kuma babban aikin da ke gabanka shekarar farko ba fenti ba ne ba kujeru ba ne, warware manejin shekara talatin ne da mutane daban-daban suka bari a jikinta, kowa da irin dabararsa.

Wajen saye mutane suna yin kuskure iri ɗaya, su ce a tayar a ji ƙarar injin, in ya tashi bugu ɗaya shikenan an gama ciniki. Injin shi ne abu mafi sauƙin gyara a 504. Bodi ake saye. Injin da ya mutu murus za a iya tada shi cikin sati biyu, amma bodin da tsatsa ta cinye ko aka taɓa yin mummunan haɗari da shi aka ja da sarƙa aka miƙar, har abada ba zai koma daidai ba, zaka ga mota tana tafiya a karkace tana cin taya gefe ɗaya ƙofa ba ta rufuwa sai an buga. A nan Allah ya taimake mu da busasshiyar iska, motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Sakkwato ko Damagaram ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba, saboda can ga ruwan sama ga iskar teku mai gishiri. Abin da rana ke ci a wajenmu daban ne, dashbod ya tsage, robobin gilas su bushe su farfashe, fenti ya ƙone. Kuma da robar gilas ta fashe ruwan damina zai dinga bi ta nan yana taruwa a ƙasan kafet ba wanda ya sani. Don haka ka ɗaga kafet ɗin ka ga ƙasan da idonka, ka duba ƙarƙashin ƙofofi, cikin but musamman lungunansa, wajen da batir ke zama don ruwan batir yana cin ƙarfe, da saman inda shokozoba na gaba ke ɗaure. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika aka fesa fenti a kai. Sabon fenti mai sheƙi a kan motar da ake son sayarwa ni tsoro yake bani, gara in ga tsohon fenti da ya koɗe in san abin da ke ƙasa. Wadda ta yi haya kuwa, musamman wagon da akori-kura, sai ka shiga rami ka leƙa ƙarƙashinta, lodin da ya wuce ƙima yana tsaga ƙarfen ƙasa, kuma zaka ga walda kan walda.

Yanzu injin. Yawancin waɗanda ke hannun mutane masu silinda huɗu ne, ko mai 1796cc ko mai 1971cc wanda ake ce wa lita biyu, a kishingiɗe yake gefe ɗaya cikin bonet, kuma sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a hanya. Abin da ya sa injin nan ya daɗe a Afirka shi ne ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin bulok aka huda su ba, silif ne guda huɗu da ake zarewa a sa sababbi, ruwan sanyaya injin yana zagaye su kai tsaye. Kenan in injin ya gaji yana hayaƙi yana shan baƙin mai, za a sayo silif da fistin da ringi a zuba, ya dawo kamar sabo, ba sai an kai bulok wajen masu gundura ba. Amma wannan alherin yana da sharaɗi. A gindin kowane silif akwai abin da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, in bakanike ya cire tof, wato murfin saman injin, ya juya injin ba tare da ya danne silif ɗin ba, sai su motsa, a mayar da komai a ɗaure, bayan kwana kaɗan ka zaro ma'aunin mai ka ga ya zama fari-fari kamar an zuba madara. Tsohon bakaniken Fijo ya san wannan tun yana yaron gareji, wanda ya taso a kan motocin Japan na yanzu ba lallai ya sani ba.

Sai zafi, wanda shi ne ajalin yawancin injinan. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, tof ɗin kuma alminiyom, in injin ya yi zafi fiye da ƙima tof ɗin ke fara lanƙwasa, gaskit ya ƙone, a kai a kankare, gobe ya sake, a sake kankarewa har ya zama ba sauran abin kankara. Kuma me ke jawo zafin? Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa a lagireto shekara da shekaru. Ruwan nan yana barin ƙasa-ƙasa da farin dutse a cikin ƙananan bututun lagireto su toshe, yana sa tsatsa a bulok, yana cin alminiyom ɗin tof ta ciki. Ruwan kulan mai launi da ake sayarwa a galan ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba kamar yadda wasu ke cewa, akwai maganin tsatsa a cikinsa kuma ba ya saurin tafasa. Maimakon a wanke lagireto ko a canza cikinsa, sai a cire tamostat a jefar a ce wai na ƙasar sanyi ne. Wannan magana ta zauna a garejojinmu daram, amma aikin tamostat shi ne ya sa injin ya yi saurin kai zafin da aka tsara masa ya kuma tsaya a nan, in babu shi da safe lokacin hunturu injin zai daɗe yana aiki a sanyaye, yana shan fetur da yawa, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silif, ringi na ci. Cire shi bai gyara toshewar lagireton ba, ɓoye ta ya yi na ɗan lokaci. In ka sayi motar, tun kafin ka yi tunanin rediyo, ka sa a fitar da lagireto a wanke, a canza duk hos ɗin ruwa da murfin lagireto da fanbel, a duba famfon ruwa, a mayar da tamostat, a tabbatar allurar zafi a dashbod tana aiki da gaske.

Kafireto mai haɗa fetur da iska, da kwantak mai sakar wa fulogi wuta, su ne inda na fi jin tsoro, ba don suna da wuya ba, sai don masu iya su suna ƙarewa. Motar yanzu kwamfuta ake jona mata ta faɗi ciwonta, yaran gareji a kan haka suke tasowa kuma ba laifinsu ba ne, nan kasuwa take. 504 ba ta da inda za a jona komai. Kunne ne da hanci da launin fulogi. Dattijon da zai saurari injin yana salo, wato yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, ya ce maka iska ta yi yawa ko taimin ya yi gaba, ya ɗauki sukundireba ya juya rabin zagaye injin ya kwanta lif, irinsu a kowane gari yanzu ana iya ƙirga su, da yawa sun rasu wasu ido ya yi rauni sun koma gida. In ka samu ɗaya ka riƙe shi da mutunci, ka ce Baba a duba min ba gaggawa, ka biya shi fiye da abin da ya nema, kuma ka zauna a wajen ka kalli hannunsa ka yi tambaya. Wallahi rabin daɗin harkar nan a zaman garejin yake. Kuma abubuwan ba gagara ba ne, tazarar bakin kwantak wajen milimita 0.4 ce, akwai ɗan ma'auni mai ganye-ganye da ake saye da araha, wanke fulogi da canza kwandensa da daidaita salo duk mai mota zai iya koya a gida. Littafin gyaran 504 yana nan ana samu a intanet da Turanci da Faransanci, da hotuna da adadin ɗaurin kowane noti, mutanen Nijar ma sun fi mu sa'a a nan tunda na asalin da Faransanci aka rubuta.

Ƙura kuwa sai dai haƙuri da yawan duba filtar iska, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Wasu da aka yi don Afirka suna da irin filtar nan mai baƙin mai a gindinta da ke kama ƙura, in ka samu taka da ita kar ka bari a cire a sa ta ado, wanke ta ake yi a canza man. Fetur ɗin jarka na bakin titi kuma ka guje shi iya iyawarka, ƙasa da ruwan da ke ciki kai tsaye suke toshe ƙananan ramukan kafireto. Tankin kansa bayan shekaru yana yin tsatsa ta ciki, gara a sauke a wanke a sa sabuwar filtar mai. Abu ɗaya da nake roƙon kowa, robar da ke kai fetur zuwa kafireto a canza ta ranar farko ko da ta yi kyau a ido, don idan ta tsage fetur a kan injin mai zafi yake zuba, kuma tsofaffin motoci da yawa wuta ce ta ci su ba haɗari ba. Tukunyar kashe gobara ta zauna inda hannu zai kai, ba can ƙarshen but ba.

Wuta ta biyu daga waya take zuwa. Fis ya ƙone, maimakon a nemo dalili sai mai rewaya ya naɗa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a wajen, an ƙara hon an ƙara fitila an ƙara rediyo kowanne an yanki waya an murɗa an naɗe da salatif, in ka leƙa ƙarƙashin dashbod sai ka rasa wacce ta tafi ina. Wayoyin 504 ba su da yawa, mai rewaya mai haƙuri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya cire duk ƙarin da aka yi cikin kwana biyu, kuma kuɗin da aka kashe a nan ba a ganinsa a hoto amma ya fi na fenti amfani.

Maganar birki da taya ba wajen sha'awa ba ne, wajen rai ne. Motar nan ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, kuma ƙarfin bodin da ake yabo ba ya nufin na ciki zai tsira, motocin yanzu da gangan ake yin gabansu ya lotse don ya shanye bugun. Man birki yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko motar ba ta je ko'ina ba, robobin birki na taya huɗu su ma suna kumbura ta ciki. Taya kuma tana tsufa ko ba a taka ta ba, a gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2315 to a sati na 23 na 2015 aka yi ta, komai kyan zanenta ba ta hau titin Kaduna zuwa Zariya da rana tsaka ba. A gyara bel ɗin kujera a kuma ɗaura shi.

Kayan gyara kashi-kashi ne. Na injin da birki da ƙafa har yanzu ana samu, a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, a Ladipo a Legas, ga kuma 'yan kasuwar Nnewi da ke shigo da sababbi. Sai dai sabo ba shi ne mai kyau ba kullum, akwai kwantak da kwandensa na yanzu da ba sa wata uku, sau da yawa tsohon na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon kwali. Wanda ya fi duka shi ne tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, yana kwance a bayan shagon wani dattijo cikin kwalinsa ƙura ta rufe, in ka dace da irin wannan ka saya ko baka buƙata yau. Wahalar gaske tana wajen kayan jiki, fitilun gaba masu siffar nan tata da ba ta kama da ta kowa, gilasan fitilun baya, bamba mai ƙyalli, hannun ƙofa, tambarin zaki na gaba, dashbod da bai tsage ba, robobin gilas. Waɗannan ba a damu da su ba lokacin da motar take ko'ina, yanzu kuma 'yan gwangwan a kilo suke sayen mota su sare ta da gatari a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, fitilar da kake nema wata shida a minti ɗaya ake fasa ta. Shi ya sa masu harkar da yawa suke sayen mota ta biyu matacciya su ajiye a matsayin rumbun kaya, in akwai fili a gida. Abin da ya gagara a gida ana samu a Faransa, har da Ajantina inda aka yi ta ƙera 504 har 1999, amma da canjin kuɗi da kuɗin aikowa sai ka ji ƙaramar roba ta yi tsadar da baka zata ba.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa, a bar injin asali ko a ɗora na Toyota ko Nissan a huta. Masu cewa a canza suna da hujja, ga sauƙin mai ga bakanike a ko'ina, kuma a Kuba haka aka yi, motocin Amurka na shekarun 1950 da ke yawo a Habana da yawansu injin dizal na wasu kamfanoni ne a ciki saboda takunkumi ya hana su kayan gyara. Amma su dole ce ta sa. Ni ra'ayina in don sha'awa ka saye ta ka bar mata injinta, don sautinsa da yadda yake ja a giya ta uku da laushin tafiyarta a kan gargada su ne motar, in aka yanka wajen zaman injin aka yi walda aka canza giyabos an samu wata mota ce daban mai kama da Fijo. Canjin da na yarda da shi shi ne wanda za a iya warwarewa, a sa na'urar wuta ta zamani a cikin distiribita a madadin kwantak, a ƙara fankar lantarki gaban lagireto saboda cunkoson cikin gari, a sa fitila mai haske, amma duk abin da aka cire a nannaɗe a ajiye. Launi ma haka, in fara ce ko ruwan toka ko shuɗiya a mayar mata da abinta, a manta da baƙin gilas da manyan rim.

Kuɗi fa? Za a kashe, kuma yawanci abin da zaka kashe a gyara zai wuce abin da ka saye ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 motar kafireto ba ta zuwa aiki kullum ba ce ga mai albashi. Kar kuma wani ya ruɗe ka da hotunan gwanjon Turai ya ce jari ne, waɗanda ke tsada can su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen sama da aka yi kaɗan, salun irin tamu ba ta kai nan ba, kuma kasuwar masu saye a gida ƙarama ce. Wanda bai gama da abincin gida da kuɗin makaranta da haƙƙin iyaye ba, wannan ba lokacinsa ba ne. Amma masu cewa almubazzaranci ne gaba ɗaya ban yarda da su ba, mun san kiwon doki, mutum yana ciyar da shi shekara guda don hawan sallah da 'yan kilisa kuma ba a ce ya yi hauka, ana ganin ya riƙe wani abu ne na gidansu. Kuma kamar dokin, ita ma ɗaurewa wuri ɗaya ke lalata ta. Motar da aka rufe da tampol wata shida batir zai mutu, fetur ya lalace ya yi danƙo a kafireto, birki ya kama, taya ta zauna gefe ɗaya, ɓeraye su shiga su ci waya da kujera. Tayar da ita minti biyar a tsakar gida bai isa ba, a fita da ita duk sati ko biyu a yi tafiyar da injin zai yi zafi sosai, a taka birki a sa kowace giya. Baƙin mai irin mai kauri 20W-50 shi ya dace da ita, a canza ko ba a cika kilomita ba in ya shekara. A ajiye ta a inuwa ƙarƙashin rumfa, ba ƙarƙashin bishiyar da tsuntsaye ke kwana ba.

Kusan duk abin da na faɗa ya hau kan sauran tsofaffin. Marsandi 200 da 230 na 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ta fi Fijo samun kaya a duniya amma kayan sun fi tsada, Volkswagen mai kamar kunkuru da aka fara haɗawa a Legas a 1975 ba ta da lagireto sam, iska ke sanyaya ta, don haka nata ciwon yana wajen baƙin mai da fanbel da gwangwanayen da ke kewaye injin waɗanda makanikai ke yawan cirewa su yar. In kuwa ka ci karo da 404 mai sitiyari a dama kar ka ɗauka an juya ta ne, Najeriya sai ranar 2 ga Afrilu 1972 ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da suka riga wannan rana haka suka zo, kuma irin wannan barinta ake yi yadda take.

Saura takardu, kuma a nan mutanen kirki ke shiga rigima. Mafi kyawun 504 da suka rage ba a tasha suke ba, suna cikin gidaje ne, motar marigayi Alhaji da aka jingine a gareji tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa. Irin wannan mota dukiyar gado ce. Ɗa ɗaya ya ce maka kawo kaza ka ɗauka bai wadatar ba, sai ka tabbatar an raba gadon ta faɗo a rabonsa, ko kuma duk magada sun yarda har da matan da 'yan'uwa mata da ke gidan aure, in akwai marayu ƙanana a san wanda ke tsaye a kan rabonsu. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a karɓi takardun asali, a duba lambar shasi da ta injin da ke jikin motar a ga sun yi daidai da na takarda, in an taɓa canza injin a nemi rasit ɗinsa. Sannan a je ofishin lasisi a yi canjin mallaka zuwa sunanka kafin ka sayi ko noti ɗaya, don in ka gama gyara ta fito tana ƙyalli, ranar ne wanda bai sa hannu ba zai tuna motar babansa ce.